Gayyar Sarkin Inuwa

Idan ka shigo ƙauyenmu da ke gefen Lausu ka ce kana neman Abdurrahim, sai an tara dattawa an yi shawara kafin a gane wa kake nufi. Ka ce Ɗanmalam, a nuna maka gida. Amma in mutumin kake son gani ido da ido, cewa za ka yi Sarkin Inuwa, sai a nuna maka gindin tsamiyar da ke bakin makiyaya, ka je ka same shi a kwance. Ni Dalhatu direba, mai jigila tsakanin Rano da Kano, rana ɗaya aka yi mana kaciya da shi, don haka abin da zan faɗa ba a tasha na tsinto shi ba.

Mahaifinsa, marigayi Malam Ramalan, malami ne kuma manomi. Da asuba yana kan buzu, hantsi na dubawa yana duƙe a gona. Ya rasu ya bar wa ɗansa gona mai faɗi a bakin makiyaya, da garma da fartanya da adda, kowace da kaifinta. Ɗanmalam ya karɓi gadon da hannu biyu, ya jingine kayan a bayan rumbu, a nan kuma gara ta same su. Kada wani ya zaci ciwo ne. Ƙato ne mai ƙirji, in ya zauna gaban tuwo sai ka tausaya wa kwanon. Bai taɓa faɗa da fartanya ba, gaisawa ce kawai ba sa yi. Da bazara ya ce rana ta yi zafi, ruwa ya sauka ya ce ƙasa ta yi nauyi, kaka ta yi ya ce ai lokaci ya wuce, a bari sai baɗi. Matarsa Asibi ce ta riƙe gidan da daddawa da ƙuli-ƙuli, kuma tun tana mita har ta gaji ta daina.

A wajenmu tun kafin ruwa ya sauka ake gane manomi, wato a lokacin sassabe. Mutumin kirki yakan bi gonarsa da adda ya sare duk wani tohon sabara da kalgo da geza, ya tara ya ƙone, gona ta kwanta tas. Gonar da aka ga toho ya yi tsayi a cikinta, ko dai mai ita ya mutu, ko kuma rago ne. Ta Ɗanmalam kuwa baƙi kan tsaya a bakinta su yi wa mai ita addu'ar samun rahama.

Makiyayar nan da can fili ne babba, tun daga bayan gari har gindin duwatsu. Amma manoma masu himma suka sa ta a tsakiya. Kowace damina kowa ya ƙara kunya ɗaya ko biyu a cikinta, in an yi magana ya rantse nan iyakar kakansa take. Burtalin da garke ke bi ya tsuke, har ya zama saniya mai ciki sai ta yi dabara. A gefe guda ne kawai abin ya juya. Kowa gonarsa na cin makiyaya, shi Ɗanmalam makiyaya ce ke cin gonarsa. Sabara ta shigo, kalgo ya biyo ta, marke da kanya da magarya suka samu wurin zama, har aka rasa inda gonar ta ƙare da inda dajin ya fara.

Mutum ɗaya ne ke sa masa albarka a kan haka, wani Bafulatani mai suna Ishiyaku. Duk rani a nan yake sauke rugarsa, don nan kaɗai shanunsa ke samun ganye da inuwa ba tare da an biyo su da sanda ba. Yakan kawo wa Ɗanmalam ƙwaryar nono gindin tsamiya, su zauna suna kallon shanu, wani lokaci har la'asar ba wanda ya ce uffan. Ishiyaku yana cewa duk ƙasar Rano bai ga Kaɗo mai hankali kamarsa ba. Mutanen gari suka ce ai dole ya faɗi haka.

Wadda abin ke ci a rai ita ce Iya, mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, in ana zaginsa a gabanta ma sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake nufi. "Wancan" take ce masa. Amma akwai wata ƙatuwar tukunya a kife a bayan ɗakinta, wadda a zamanin Malam Ramalan ake dafa tuwon gayya a ciki. Gayya kuwa kowa ya san ƙa'idarta: ka je ta mutane, ranar taka su zo. Ɗanmalam bai taɓa zuwa ta kowa ba. In ya ji gangar noma daga gabas, sai ya gyara kwanciya ya fuskanci yamma. Don haka ba shi da bakin kiran kowa, kuma da zai kira, ko kare ba zai fito ba. Iya ce ke zuwa a madadinsa, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta ba da aron tukunya. Tukunyar nan ta dafa tuwon gayyar kowane gida a garin, ban da gidan da take kife.

Mahaifiyata ta taɓa gaya mini cewa Iya ta ce mata ba ta roƙon Allah Makka, ba ta roƙon haƙorin zinariya, ita dai ta ga ranar da za a ɗora tukunyar nan a tsakar gidanta kafin ta mutu. Na kai wa Ɗanmalam maganar don in ga ko za ta motsa shi. Ya ce ya sani, kuma wannan ne kaɗai abin da ke rage masa daɗin barci. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce yau kam an dace. Sai ya juya ɗaya gefen.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki zafi, kowa na neman mai laifi. Wasu samari masu sabon gemu suka ce da Ɗanmalam za a fara. Aka zauna aka duba lamarinsa ciki da waje. Ba ya sata, don sata sai da tsallake katanga. Ba ya caca, don wajen 'yan karta da nisa. Ba ya gulma, don ba ya zuwa inda ake yin ta. Salla kuwa ba ta wuce shi, tunda masallacin na kusa da tsamiya. Aka bincika littattafai ba a samu haddin lalaci ba, aka watse rai a ɓace. 'Yan siyasa ma haka suka yi ta fama da shi. Kowace jam'iyya ta ɗauka nata ne, don bai taɓa zuwa taron abokan hamayyarta ba.

Haka muka yi ta tafiya har furfura ta fara fito mana, sai ga wata mota mai gilashi baƙi ta tsaya a ƙofar mai unguwa. Wani matashi ya fito, sunansa Khalid, ɗan asalin Rano ne amma boko ya kai shi nesa. Ya ce wani kamfani ne ya aiko shi. Ya buɗe kwamfuta ya nuna wa dattawa hoton ƙasarmu da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama. Ko'ina fari fat, sai wani ɗan wuri guda kore shar. Ya ɗora yatsa a kai ya ce yana son ganin gwanin da ya yi wannan aiki. Dattawa suka dubi juna. Sarkin Noma ya gyara zama, ya matso ya duba da kyau, sai ya ga ashe gonar Ɗanmalam ce.

Bayanin Khalid shi ne, a ƙasashen Turawa akwai masana'antu da ke tura hayaƙi sama, hayaƙin nan ne ya rikita damina, itatuwa kuma su ne ke shanye shi. To masu hayaƙin ba su da niyyar dainawa, amma sun yarda su biya wanda zai bar daji ya tashi a wani wuri ya riƙa sha musu. Shi ya kira abin kabon, mu muka sa masa kuɗin hayaƙi. Ba shuka za a yi ba, ba ban ruwa. Saiwoyin na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, abin da ake so kawai a ƙyale su. Wani dattijo ya tambaya, to aikin me za a yi ke nan? Khalid ya ce babban aikin shi ne kada a yi komai. Duk wurin aka juya aka dubi tsamiya.

Liman ya fara da cewa haramun ne, don ciniki ne na abin da ido bai gani ba, hannu bai riƙe ba. Bayan an sa shi cikin kwamitin aikin sai ya sake nazari, ya gano abin ya fi kama da kaffara: wani ya yi laifi can, ya ciyar da miskinai nan. Miskinai kuwa ba a rasa su ba. Aka haɗa gonar Ɗanmalam da abin da ya rage na makiyaya, aka zagaye da waya, aka kafa allo mai rubutun Turanci, aka naɗa Ɗanmalam mai kula da daji. Aka ba shi riga mai tambari da hular hana salla da keke. Keken Asibi ta riƙa ba da shi haya.

Sharaɗi ɗaya ne ya yi masa ɗaci. Khalid ya ce shanu ba za su shiga ba sai tohon ya fi ƙarfin bakinsu, kuma mai kula da daji ne zai sanar da makiyaya. Ina wurin ranar da Ishiyaku ya iso da garkensa ya tarar da waya. Ɗanmalam ya tashi tsaye, abin da ba kasafai yake yi wa kowa ba, ya yi ta kame-kame yana bayanin hayaƙin Turawa. Ishiyaku ya saurara har ƙarshe, ya jingina da sandarsa.

"Yanzu Kaɗo, hayaƙin can nasu ne, shanun nan nawa ne, amma shanuna ne za su kwana da yunwa?"

"Na ɗan lokaci ne, Ishiyaku."

"To. Allah ya ba dajin lafiya."

Ya ajiye masa ƙwaryar nonon da ya zo da ita, ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Nariya ta ƙasar Kibiya. Wallahi abin ya ba ni haushi, don filin nan tun kakanni na shanu ne. Manoma sun ci rabinsa da garma, ragowar kuma aka cinye da waya, kuma duk wanda ya ci sai ya ce gyara yake yi.

Amma girma ya zo wa Ɗanmalam, ba a magana. Mutanen da ke tsallake ƙafarsa a gindin tsamiya suka koma durƙusawa. Sarkin Inuwa da ake faɗa da dariya ya zama ana faɗarsa da "ranka ya daɗe". Aka zo daga gidan rediyo aka tambaye shi sirrin nasararsa, ya ce haƙuri ne da dogaro ga Allah. Kansila ya ce tun suna yara ya ga alamun hangen nesa a tare da shi. Da aka ji cewa in baƙi sun zo sun auna dajin sun gamsu, gari zai samu rijiyar burtsatse kuma kowane gida zai ɗanɗana, sai ga masu cewa kakarsu da kakarsa uwa ɗaya ta haife su. Sarkin Noma ne kaɗai ya ƙi sakin fuska. Ya ce shekara da shekaru yana duƙe har bayansa ya lanƙwashe, ko a rediyon aljihu ba a taɓa faɗin sunansa ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, dajin ya yi kyau har zomaye da fakara suka dawo. Sai Khalid ya zo da labari cewa masu awo za su iso, har da Baturiya daga ƙetare. Ya tara mutane a ƙofar mai unguwa ya ja kunne: kada a wahalar da kai, kada a gyara komai, a bar wurin yadda yake, haka baƙin suke son ganinsa. Ya faɗa ya maimaita. Kowa ya gyaɗa kai ya ce madalla, yaron nan akwai tarbiyya. Daga nan ya ɗauki Ɗanmalam ya tafi da shi Kano bita, don a koya masa abin da zai faɗa a gaban baƙi.

To a nan ne fa. Mu a garinmu, in baƙo ya ce kada a wahala, lokacin ne ake kama kaza. In ya ce ya ƙoshi, a ƙaro miya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar irin wannan magana a kan gaskiya, don wanda ya ɗauka ma an gama da shi a gari. Kuma wa zai yarda cewa mutum mai hankali zai hau jirgi ya ƙetare teku don ya kalli sabara? Mai unguwa ya zaga dajin ya dawo yana salati. Ya ce ko ina ƙaya, ko ina sarƙaƙiya, ba wurin kafa rumfa, ba wurin ajiye kujera, in maciji ya sari Baturiya a ƙasarsa ina zai sa kansa? Kansila ya ce in aka ɗauki hoton wurin nan a haka, maƙwabtanmu 'yan Zinyau za su yi mana dariya har jikoki.

Iya na jin haka ta ɗauki mayafinta da sandarta. Gida gida ta bi, tsohuwar da ƙafa ta riga ta gaji, tana cewa wancan ba ya nan, ga baƙi za su zo masa, tana roƙon a taimaka a fito masa gayya. A da da ta faɗi haka, da sai dai a ba ta ruwa ta sha a rako ta. Yanzu kuwa kowa ya ce ai ko ba ta zo ba, Sarkin Inuwa ya wuce haka a wurinsu. Har Sarkin Noma ya ce shi zai ja gaba, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya faɗa, don shekaru ke nan hannunsa na ƙaiƙayin dajin nan.

Ni duk ban san wannan ba, motata na wajen bakanike a Kano. Ranar da aka gama gyara ta, ana gobe baƙi za su zo, na ɗauko Ɗanmalam a tashar Unguwa Uku da sassafe, na sa shi a gaba. Ban taɓa ganinsa haka ba. Mutumin da ke barci kafin mu fita gari, ranar har Bunkure yana zuba. Ya ce ashe manyan itatuwan nan, tsamiya da kuka da ɗorawa, ba sa cikin lissafi, don da ma can suna nan, ba wanda ya kawo su. Ƙananan nan da ake rainawa, tohon sabara da kalgo da geza, su ne dukiyar, su za a auna, don su ne sabon abin da aka samu. Ya ce in aka sare su, an sare komai. Ya faɗa mini haka yana buga gaban mota da yatsa kamar malamin makaranta.

Mun sauke fasinja a Rano muka miƙe hanyar gida. Tun kafin mu iso na fara jin ganga. Na ce ko biki ake yi? Ɗanmalam ya kasa kunne ya ce wannan gangar noma ce, shi ya fi kowa saninta, don ya daɗe yana juya mata baya. Muna shan kwana sai ga hayaƙi, sai ga ƙofar waya a buɗe.

Gari kaf yana ciki. Maza sun jeru sahu guda da adduna da gatura, Sarkin Noma a gaba ya tuɓe riga, suna tafe suna kwantar da daji. Matasa na jan rassa suna tarawa, mata na bi da tsintsiya. Manyan itatuwan an bar su, har an fara shafa musu farar ƙasa a gindi kamar ranar zuwan gwamna. Wajen sulusin dajin ya riga ya tafi. Saura kuwa yana nan tsaye, kore shar, kuma da mai kula da daji zai ɗaga hannu ya yi tsawa ɗaya, da an tsaya, don a ranar maganarsa ta fi ta mai unguwa.

Ya fito daga mota ya yi taku kaɗan, na ga ya cika ƙirji da iska ya buɗe baki. Daidai nan makaɗi ya hango shi, ya juya ganga ya fara kirari, yana kiran Abdurrahim ɗan Ramalan, manomi ɗan manomi, mai gayyar da ta tashi gari. Sahun maza ya ɗaga adduna sama aka amsa. Ɗanmalam ya tsaya baki buɗe. Sai na ga inda idonsa ya tafi.

A gindin tsamiyarsa an kafa murhu, ga tukunyar nan a kai tana tafasa. Iya na zaune a kan turmi kusa da ita, ta ɗaura zanen da take ajiya don Salla. Ba ta dubi ɗanta ba, ko sau ɗaya. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro goro, ta yafito makaɗin, ta sa masa a hannu.

"Maimaita," in ji ta. "Ban ji da kyau ba."

Kunnen Iya kuwa lafiyarsa ƙalau, kowa ya sani. Makaɗi ya maimaita sunan tun daga farko, ta sunkuyar da kai tana gyara itacen wuta da bai buƙaci gyara ba.

Na matsa kusa da shi na ce, "Ɗanmalam, ka yi magana mana. Kai ka gaya mini yanzu a mota."

Ya rufe bakinsa, ya cire rigar kamfani ya ninke ta ya miƙo mini. Ya je wajen wani dattijo da ya gaji ya karɓi addarsa, ya shiga sahu kusa da Sarkin Noma. Na rantse da Allah ban taɓa ganin sassabe irin na ranar ba. Ƙarfin da ya yi shekaru yana tarawa a gindin tsamiya, duk ranar ya fito da shi. Kafin azahar ya bar Sarkin Noma a baya. Kafin la'asar babu sauran toho ko ɗaya a cikin waya. Ni kuwa na tsaya riƙe da riga, na rasa ko dariya zan yi ko kuka, daga baya na je na ci tuwo, don tuwon ya yi daɗi.

Washegari baƙi suka iso. Suka tarar da fili fes, an yayyafa ruwa, ga rumfa, ga kujerun roba, ga manyan itatuwa sanye da farar ƙasa, 'yan makaranta sun jeru suna waƙar maraba. Khalid ya fito daga mota ya dubi gabas ya dubi yamma, ya koma ya duba allon ko sun yi ɓatan hanya ne. Baturiyar na riƙe da igiyar awo, ta yi ta juyawa tana neman abin da za ta auna. Mai unguwa ya yi jawabi ya ba da haƙuri cewa lokaci ne ya ƙure, da an fi haka gyarawa. Ba su zauna cin kazar ba. Bayan 'yan makonni aka zo aka kwance waya aka tafi da allo, aka ce an mai da aikin wata jiha.

Gari kuwa bai sha wahalar samun mai laifi ba. Waɗanda suka sare dajin da hannunsu suka ce Ɗanmalam ne, tunda shi aka kai bita, me ya hana shi magana? Kansila ya ce shi tun suna yara ya san ba za a ƙare lafiya da shi ba. Dangin da aka samu ta wajen kaka suka ɓace. Liman ya tuna cewa da ma shi tun farko ya ce haramun ne. "Ranka ya daɗe" ta koma inda ta fito, aka ci gaba da tsallake ƙafarsa.

Iya ba ta ga wata damina ba. A ciwonta na ƙarshe, duk matar da ta shiga duba ta sai ta tambaye ta ko ta zo gayyar gidan nan, ta kuma ba ta labarin yadda tuwo ya ƙare aka sake ɗorawa. Maganar rijiya da kuɗin hayaƙi ko sau ɗaya ba ta tayar ba.

Da ruwa ya sauka, kututturan nan suka sake tohowa, har sun fi na da yawa, don saiwar ba ta san an soke kwangila ba. Rani na zagayowa Ishiyaku ya dawo da shanunsa, bai tambayi komai ba, ya ajiye ƙwaryar nono inda ya saba. Addar da Ɗanmalam ya yi aiki da ita an mayar wa mai ita, kuma bai sake taɓa wata ba har yau.

Wata rana na same shi a gindin tsamiya, na zauna. Na ce masa har yanzu abin na ci mini rai. Ga girma, ga albashi, ga rijiyar gari, duk ya bari sun tafi alhali kalma ɗaya ta isa. Na ce ya gaya mini gaskiya, tsoron mutane ya ji ko kuwa gangar ce ta ɗebe shi?

Sai ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Tabon na nan, inda ƙotar adda ta sa ya ɗuri ruwa ya fashe.

"Da aka watse ranar, Iya ta aiko a kira ni," in ji shi. "Na shiga ɗakinta na durƙusa. Ta kama hannun nan ta shafa masa man kaɗanya, wannan sannan wannan. Dalhatu, tun da aka yaye ni ba ta taɓa riƙe hannuna ba."

Na ce, "Me ta ce maka?"

"Cewa ta yi, 'Sannu da aiki.'"

Ya rufe hannun ya sa a ƙarƙashin kansa, ya gyara kwanciya. Ban sake yi masa maganar ba.